Jar Wayar da ke Bayan Teburin Kakanni

Malama Liao, ki taimake ni. Ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana ba tare da ya yi mini dariya ko ya ɗauki tarho ya kira 'yata ba.

Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun nan nawa da malaminmu yake ɗagawa a gaban aji ya ce a koyi tsayuwar harafi a wurinsa, yanzu rawa yake kamar ganyen gora. Na haura tamanin. Aikin akawu na yi a kamfanin sukari har na ajiye, kuma tun aurenmu nake zaune a gidan nan na Lukang, a lungun da iskar teku ke cinye ƙusa kafin shekara ta zagayo. Matata Siu-gim ta rasu, bana shekara ta huɗu. 'Yarmu ɗaya ce, Pei-ru, tana aiki a Taichung. Daga ni sai teburin kakanni a gidan, inda muke girmama matattunmu.

Tambayata a kan waya ce, wayar lantarki 'yar siririya. Na san filinki na jarida na masu rikicin aure ne da na surukai, amma ki daure ki karanta, don ni kaina ban san ko rikicin waya ne ko na aure ba.

Fitilu biyu jajaye da ke kan teburin, tun zamanin mahaifina ba a bar su sun mutu ba. Ko guguwa ta ɗauke wuta, ta mai ake kunnawa kafin a nemi ta ɗaki. Tsofaffin suna da zafi, bara ɗaya ta babbake gefen jan ƙyallen teburi, a watan kuma na manta tukunya a kan wuta har gindinta ya yi baƙi. Pei-ru ta zo ta cire su, ta sayo sababbi masu ƙaramar wuta, bolt goma sha biyu, da 'yar adaftarsu. Ta ce, "Baba, wannan ko a baki ka sa ba za ta ja ka ba." Sannan ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa ta ce, "Amma kada ka taɓa. In na sake jin ƙauri a gidan nan, na tukunya ne ko na ƙyalle, ba shawara zan yi da kai ba. Ɗaki yana can na gyara." Ɗakin yana can sama a bene, inda ba a jin kukan komai sai na mota. Teburin ba zai shiga ba. Ta ce za a kafa 'yar kanta a bango. Ki ji fa, kakannina da uwarta a kan kanta, kamar kwalaben yaji.

To, igiyar sababbin fitilun gajera ce. Ta dama, ta ɓangaren da muke ajiye allolinmu, ta kai soket. Ta hagu, wadda ke kusa da allon da aka rubuta sunan Siu-gim, ba ta kai ba sai da Pei-ru ta jawo ta ta gaban teburi, baƙa, tana reto kamar wutsiyar ɓera. Na kalle ta har na gaji. Ni kuwa ba baƙon waya ba ne. Muna makaranta mun naɗa waya a jikin gora mun yi rediyo, har na kamo tashar waƙa. Sai na jira ranar raka alloli, ashirin da huɗu ga watan ƙarshe, ranar da suke tafiya sama a sami damar share teburi da motsa kayansa, na ce zan ƙara mata tsawo in bi da ita ta baya.

Na fara zuwa kantin kayan lantarki na bakin titi. Mai kantin ta ɗauko wata waya, ta fere bakinta ta nuna mini, ta ce ita ce ta dace da gidan da ke kusa da teku. Malama, rigarta ta roba fara, silin cikinta ma farare fat kamar azurfa. Na ce mata na gode. Farin da muka sa a jana'izar matata ban daɗe da ninke shi ba, zan kuma kawo fari in shimfiɗa a bayan sunanta ana gab da sabuwar shekara? Na wuce kasuwar Lahadi. Can na sami wani ya baza naɗe-naɗen waya a kan tamfol. Ga wata ja, rigarta kauri, silinta suna walƙiya kamar zinaren amarya, ga araha. Babu ko harafi ɗaya a jikinta, abin da ya ƙara mini daɗi ke nan, don ban so rubutun Turawa yana fuskantar kakanni ba. Na saya. Na murɗe bakunan da yatsuna, na naɗe da jan salatif, na bi da ita ƙarƙashin ƙyalle, ta bayan damin kuɗin takarda na matattu da muke ƙona wa kakanni. Ta kama tas. Da Pei-ru ta zo sabuwar shekara ba ta ma lura wutsiyar ɓeran ta ɓace ba, ko kuwa ta lura ta yi shiru, ban sani ba.

Bayan ruwan bazara ne abin ya fara. Safe da yamma nakan kunna turaren tsinke, in durƙusa a kan matashi, in ba tsohuwa, wato Siu-gim, labarin yini: wane ya mutu, nawa kifi ya kai, yadda jikar maƙwabta ta rina gashinta kore. Tana da rai ba ta barina in kai ƙarshen zance. Daga kicin take ɗaga murya har ƙarshen lungu a ji, "Akawu, taƙaita, miya na hucewa!" Yanzu kuwa ina kai ƙarshe, abin da ya fi ciwo ke nan. In na gama sai in ce, "To, tsohuwa, bari in tashi," in kama gefen teburi in jawo jikina, don gwiwoyin nan sun daina yi mini biyayya. Ran nan ina faɗin haka fitilar hagu ta ƙyafta. Na ɗauka idona ne, da yake akwai yana a na dama. Washegari ta sake. Tun daga nan kusan kullum ne, kuma ba ta yi sai a wannan gaɓar, daidai lokacin da na yi mata sallama. Ta dama ko motsi.

Na ɗauko 'yan katakon tambaya, masu siffar jinjirin wata, na jefa. Na ce, fushi kike? Suka faɗi duka biyu a rigingine, wato dariya. Na ce, so kike in bi Pei-ru? Dariya kuma. Na kasa haƙuri na gaya wa maƙwabcina Ang, tsohon masunci, wanda bakinsa ya fi ƙugiyarsa kaifi. Ya ce, "Kai Akawu, matar da ta yi shekara hamsin ba ta kashe maka ido ba, sai yanzu? Lallai can ɗin akwai hutu." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ban sake ɗaga masa zancen ba.

Da a nan ya tsaya, da ban dame ki ba. Makon jiya ina share ƙura da hannu, na zura yatsa ƙarƙashin ƙyallen, sai na ji ɗumi daidai inda na haɗa. Salatif ɗin ya yi danƙo. Na ɗaga gefen ƙyalle, ga tabo ruwan ƙasa kamar an dangwala babban yatsa, ga wani ɗan wari da hancina ya sani. Na saki ƙyallen kamar na taɓa maciji.

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In na nufi kasuwa sai in juyo daga rabin hanya. Shayina a bakin ƙofar zaure nake sha, ido a kan teburi. Na ajiye bokitin ruwa a gindinsa. In ɗauki jarida, in ajiye, in je in shinshina, in dawo. Na ɗauko ragowar wayar da na adana, na fere, na sa gilashin karatu. Ina murɗa silin suna karyewa, ga wani farin gari a tsohon bakin. Amma ta yaya zan sani ko waya ce ba ta da kirki ko hannuna ne ya lalace? Wayar da na sani a da, sai ka lanƙwasa ta ka miƙe, ka sake, tana bin ka. Ko dai haka ake yin su yanzu duka?

Ki gaya mini yadda ake gane wayar kirki, da abin da tsoho zai iya yi da hannunsa a gida. Ki gaya mini ko zan iya taɓa teburin, ga shi ranar raka alloli da saura, fitila kuma ba a kashe ta. Ki gaya mini ko dole ne Pei-ru ta sani. Za ta zo sabuwar shekara, hancinta kuwa na uwarta ne. In ta ga tabon nan, na bar gidan nan ke nan.

Akwai kuma wadda na fi jin nauyin rubutawa. In waya ce, to duk watannin nan babu mai amsa mini. Tun da fitilar ta fara ƙyaftawa na koma dafa abinci a zauna a ci, na koma aske gemu kafin in durƙusa. Ina tsoron gidan ya kama wuta, ina kuma tsoron in gyara ta tsaya cak. Gaba kura, baya sayaki. Me zan yi?

Tsohon Akawu, Lukang


Kawu Akawu,

Kafin ka ci gaba da karatu, ajiye jaridar nan. Ka ɗauko tocila ka kunna, ka tsayar da ita a kan teburin, ka kunna turare ka gaya wa kakanninka da matarka abin da za ka yi, sannan ka zare adaftar daga soket. Haske bai yanke ba, tukunyar turare ba ta motsa ba, allo yana inda yake. Mahaifinka ma da wuta ta ɗauke musanya haske ya yi, bai jira wata rana ba. Ka aiki Ang ya sayo 'yan fitilu masu batir su riƙe wurin, bakinsa ne dai mai kaifi, ƙafarsa lafiya lau. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka tambayi mai kula da haikalin unguwarku, amma ka tambaye shi bayan ka zare. Bokitin kuma ka mai da shi banɗaki, ruwa da soket ba sa zama wuri ɗaya. Ka yi? To, dawo mu yi magana.

Pei-ru ta faɗi rabin gaskiya. Ƙaramar wuta ba ta jan mutum, amma tana ɗumama mahaɗin da ya saki, kai kuwa ka lulluɓe naka da ƙyalle ka jingina masa damin takarda. Tabon nan gargaɗi ne, kuma ba kowa ake yi wa gargaɗi ba.

Na kai bayaninka wurin masu aikin lantarki biyu, bakinsu ya zo ɗaya: da alama alminiyam aka sayar maka, an shafa masa tagulla a sama. Ba sai ka yarda da su ba, ragowar tana hannunka. Ɗauki sili ɗaya ka kankare shi da wuƙa. In ja ne har ciki, tagulla ce. In jan ya tafi fari ya fito, an yi maka kwalliya. Ka ciro maganaɗisun da ke jikin firji ka kusanto da shi, in ya kama silin, ƙarfe ne ma aka rina. Lanƙwasawar da ka tuna tun makaranta ita ma gwaji ce ta gaske, tagulla tana jurewa, alminiyam yana karyewa da wuri, saboda haka kada ka ɗora wa hannunka laifin da ba nasa ba. Farin garin da ka gani, cin da iskar gishiri take yi wa alminiyam ne, shi ne kuma yake hana wuta wucewa a mahaɗi har wurin ya yi zafi. Akwai gwajin ashana, tagulla takan yi ja ta tsaya, alminiyam ya lanƙwashe ya zube, amma wannan a tsakar gida za a yi shi, da filaya, Ang yana riƙe. Ba na son hannu mai rawa kusa da harshen wuta.

In ka je saye, kada kaurin riga ya ruɗe ka. Ka sa a fere maka, ka dubi yawan ƙarfen da ke ciki, don mai ha'inci roba yake ƙarawa ya rage tagulla. Ka ɗaga naɗi biyu masu tsawo ɗaya, na tagulla ya fi nauyi sosai. Ka ninke rigar da ƙarfi, ta kirki ba ta tsagewa, ba ta yin fari a wurin ninkin. Rubutun da ka guje wa kuma shi ne shaidarta: kaurinta, zafin da take ɗauka, da sunan wanda ya yi ta. Wayar da mai ita ya ƙi sa sunansa a jiki, ka san dalili. Tun da nesa za ka ja ta, ka ɗauki wadda ta ɗan fi igiyar fitilar kauri. Mahaɗi kuma ba a murɗe shi da yatsa a naɗe, ɗan mahaɗi mai sukuru ake sawa ko a like da dalma, a bar shi inda ido ke gani, nesa da ƙyalle da takarda. Ka tafi da adaftar ma a duba ta.

Yanzu farar wayar da ka ƙi. Kawu, ba na yi maka dariya, ni ma ba zan kai wa uwata farin fure a sabuwar shekara ba. Amma waccan tagulla ce zalla, an yi mata wankan kuza don kada gishiri ya ci ta. Kankare ta ka gani, cikinta ja ne. Taka kuwa jan a sama ya tsaya, farin da ka guje wa shi ka kwantar a bayan sunan matarka shekara guda. Irin ta mai kantin ana yin ta da jar riga. Ka koma ka tambaya.

Maganar ƙyaftawa, amsar tana cikin wasiƙarka. Ka ce in ka yi sallama sai ka kama gefen teburi ka jawo jikinka. Teburi ya girgiza, mahaɗin da ya saki ya motsa, fitila ta ƙyafta. Ta dama ba ta da mahaɗi, shi ya sa ba ta yi. Na san ba wannan kake son ji ba, amma da in yi maka ƙarya gara in ɓata maka rai na yini ɗaya. Abin da ke tsakanin rayayyu da waɗanda suka riga mu, ba ni da iliminsa, ba zan ce maka ba ta jin ka ba. Sai dai matar da ake jin muryarta har ƙarshen lungu, ban ga abin da zai sa ta koma magana ta bakin wayar kasuwar Lahadi ba. Ka tambaye ta sau biyu, sau biyu ta yi dariya. Shekarun farko fitila tana tsaye kana ba ta labari, ba ka ce kai kaɗai kake magana ba. Ka ci gaba da aske gemunka. Ba don waya kake yi ba.

Saura Pei-ru. Kana da gaskiya, gidan da mutum ya yi rayuwarsa a ciki ba riga ba ne da za a ce ya tuɓe, kuma kanta ba teburi ba ce. Ita ma tana da tata. Uwa ta tafi, uba ɗaya ya rage, tana can nesa, duk ƙarar tarho gabanta sai ya faɗi. Maganar da ta yi a bakin ƙofa tsoro ne ya sa mata kaushi. Kada ka jira hancinta. Ka kira ta cikin makon nan ka gaya mata da bakinka, a jere: na karya maganarki, na gano wurin yana ɗumi, na zare, na gwada wayar, ga abin da na samu. Tsohon da ya gano matsala ya kashe wuta da kansa, hujja ce cewa zai iya zama a gidansa. Wanda aka ɗaga ƙyalle aka kama kuwa, shi ya ɗaure wa kansa kaya. Ba zan yi maka alkawarin ba za ta yi faɗa ba, ko ba za ta ambaci ɗakin ba. In ta ambata, kada ka ce a'a kawai, ka zo da naka tayin: a kafa na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi, a ba Ang makulli, a kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da teburi, a kawo kujera don ranar da gwiwa ta ƙi. Sannan ka roƙe ta ta zo ranar raka alloli, kai kana faɗin inda waya za ta bi, ita tana ɗaure sukuru. Wanda ya sa hannunsa a gyaran teburi ba ya saurin cewa a bar shi a baya.

Labarin kifi da na jikar maƙwabta kuma, ka riƙa raba shi biyu. Rabi ga tsohuwa, rabi ga 'yarta. Tun da hancin uwarta ta gado, ina kyautata zaton ta gaji bakin ma, ba za ta bar ka ka kai ƙarshen zance ba.

Ina yi maka fatan sabuwar shekara ta same ka a gidanka, fitilu biyu a tsaye, miya kuma tana hucewa saboda surutu.

Malama Liao